Labarin Zuciya a Tambayi Fuska? Shekara Ɗari Ana Neman Ma'aunin Iya Zama da Mutane

Idan Bahaushe ya ce yaro yana da ƙwaƙwalwa, an san abin da yake nufi: yaron yana ɗaukar karatu, hadda ba ta ba shi wuya, lissafi ba ya ɗaure masa kai. Idan kuwa ya ce yaron yana da hankali, to magana ta sauya. Mai hankali shi ne wanda za a aika gidan surukai da saƙo mai nauyi ya isar da shi ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba. Shi ne zai shigo zaure, ya dubi fuskar mahaifinsa, ya gane cewa yau ba ranar tambayar kuɗin makaranta ba ce. Sau nawa muka ji an ce wane ya yi karatu amma karatun bai ratsa shi ba? Kuma da wuya a sami zuriyar da ba ta da wata gwaggo wadda ko aji ɗaya na boko ba ta taɓa shiga ba, amma in aure ya yi tsami ita ake tashi a kira, ta saurari kowa, ta san wanda za ta lallasa da wanda za ta yi wa faɗa, ta kuma san lokacin da shiru ya fi magana.

Wannan bambanci da harshenmu ya daɗe da ajiye shi, shi ne masana halayyar ɗan Adam a Turai da Amurka suka shafe fiye da shekara 100 suna ƙoƙarin raɗa masa suna, su kuma yi masa ma'auni. Sunaye biyu suka fi tsayawa. Ɗaya basirar zamantakewa, wato iya karantar mutane da iya tafiya da su. Ɗaya kuma basirar motsin rai, wato mutum ya gane fushi da tsoro da baƙin ciki da farin ciki a zuciyarsa da ta wani, ya kuma iya sarrafa su. Na bi wannan tarihi da sha'awa, na ga tambaya ɗaya tana biye da shi tun daga farko har yau: in an yi wa mutum jarrabawa a kan iya zama da jama'a, wa ke riƙe da takardar amsa?

Tunanin cewa sarrafa zuciya gwaninta ce ba sabon abu ba ne. Aristotal ya tattauna shi tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da fiye da shekara 300, inda ya nuna cewa fushi ba ya wa kowa wuya, wuyar tana wajen sanin wanda za a yi wa, da gwargwadonsa, da lokacinsa. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware ɓangare guda ga lafiyar rai, ya yi magana a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda mutum zai tanadi tunani mai kyau tun yana cikin natsuwa don ya yi masa magani ranar damuwa. Imam Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe littafi sukutum a cikin Ihya'u Ulumiddin ga fushi da ƙullata da hassada, kuma har gobe ana karanta shi a zaurukan malamanmu. Sai dai su waɗannan magabata tarbiyya suke koyarwa. Burinsu mutum ya gyaru. Ba su taɓa tunanin a jera mutum ɗari a ce wannan ya ci maki kaza, wancan ya ci kaza ba. Wannan tunani ɗan ƙarni na 20 ne, kuma daga jarrabawar ƙwaƙwalwa ya samo asali.

A shekarar 1905, Alfred Binet da Théodore Simon suka fito da wasu tambayoyi a birnin Paris don gano yaran firamare da ke buƙatar taimako na musamman. Faransa ta riga ta wajabta karatu ga kowane yaro, azuzuwa sun cika, hukuma tana son hanyar tantancewa. A 1912 wani Bajamushe, William Stern, ya kawo dabarar raba shekarun basirar yaro da shekarun haihuwarsa, daga nan aka sami abin da duniya ta sani da IQ. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya gyara gwajin ga Amurkawa a 1916, kuma da ƙasar ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi wa sojoji fiye da miliyan ɗaya da rabi irin wannan jarrabawa. Cikin ɗan lokaci lamba guda ta zama ita ce shaidar kaifin mutum.

Ana cikin wannan yayi ne Edward Thorndike, malami a Jami'ar Columbia, ya rubuta wata maƙala a mujallar Harper's a shekarar 1920. Ya ce basira kashi uku ce: akwai ta sarrafa kalmomi da lambobi, akwai ta sarrafa kayan aiki da inji, akwai kuma ta fahimtar mutane da tafiyar da su. Ya ba da misalin da kowa zai gane, cewa makaniken da ya fi kowa iya aiki a masana'anta yana iya kasawa in aka ɗora shi shugaban ma'aikata, don bai iya da mutane ba. Abin da ya fi burge ni a wannan maƙala shi ne, tun a nan ya hango matsalar. Ya lura cewa wannan basira a fili take a wajen wasan yara da barikin soja da kanti, amma da an kawo ta ɗakin gwaji sai ta ɓuya, domin tana buƙatar mutum mai rai a gabanka, da fuskarsa da muryarsa, da ɗan lokacin da za ka mayar masa da martani.

Duk da haka sai da aka gwada. A ƙarshen shekarun 1920 Fred Moss da Thelma Hunt da abokan aikinsu a Jami'ar George Washington suka shirya jarrabawar basirar zamantakewa. A ciki ana ba mutum labarin wani hali ya zaɓi abin da ya dace a yi, ana gwada ko yana tuna suna da fuska, ana ba shi magana ya faɗi halin zuciyar mai yin ta, har da gane abin dariya. Kamfanoni da makarantu suka karɓa. Amma da aka duba makin sai aka ga wanda ya iya karatu da kalmomi shi ne ke cinye wannan jarrabawar ma. An tashi auna iya zama da mutane, an ɓige da auna iya karanta tambaya. Cikin waɗanda suka bayyana haka har da ɗan Thorndike na cikinsa, Robert, wanda shi da Saul Stein suka yi bitar gwaje-gwajen a 1937 suka ga ba su gamsar ba. David Wechsler, mai shahararren gwajin basira na manya, ya yarda cewa akwai abubuwa kamar naci da ɗabi'a da ke taimakon mutum a rayuwa waɗanda gwajinsa ba ya kamawa, amma a ganinsa basirar zamantakewa ita ce dai basirar da aka sani, an juya ta ga mutane. Zuwa 1960 Lee Cronbach ya yanke cewa bayan shekaru masu yawa na bincike, ba a fayyace abin ba, ba a kuma auna shi ba. Magana ta kwanta.

Ta inda ta sake tasowa abin mamaki ne, don daga daji ta fito. Alison Jolly ta zauna a Madagaska tana kallon wasu dabbobi dangin birai da ake kira lemur, ta rubuta a 1966 cewa zaman garkensu yana da tsari mai sarƙaƙiya alhali ba su da wata dabara ta sarrafa abubuwa, don haka ta yi hasashen cewa zaman tare ne ya riga, shi ya haifi kaifin ƙwaƙwalwa. Nicholas Humphrey, wani masani ɗan Ingila, ya je Ruwanda ya ga goggon biri: ga ƙwaƙwalwa babba, ga rayuwa mai sauƙi, abinci a ko'ina, maƙiya kaɗan. To me yake yi da wannan kai? Amsar da ya bayar a 1976 ita ce, babban aikin da ke gaban dabbar shi ne 'yan'uwanta: wa ke gaba da wa, wa za a yi ƙawance da shi, wa ke shirin ƙwace mata, wa zai rama. Daga baya Robin Dunbar ya nuna cewa a cikin birai girman wani sashe na ƙwaƙwalwa yana tafiya da girman garke, har ya ƙiyasta cewa ɗan Adam zai iya riƙe hulɗa ta sosai da mutum kamar 150. Ana jayayya a kan wannan adadi, amma tunanin ya juyar da tambayar gaba ɗaya. Da ana kallon iya zama da mutane a matsayin ƙanin basira. Yanzu ga masu cewa shi ne ma uban.

Likitocin ƙwaƙwalwa su ma suka kawo tasu shaidar, kuma a ganina ita ce mafi ƙarfi a duk wannan tarihi. A watan Satumba na 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin layin dogo mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana danna albarushi a ramin dutse sai albarushin ya tashi. Sandar ƙarfen da ke hannunsa, mai tsawon fiye da mita ɗaya, ta shiga ta kuncinsa na hagu ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, bai manta magana ba, bai manta aiki ba. Amma likitansa, John Harlow, ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa ya koma mai zagi, marar haƙuri, marar tsayawa a kan shawara guda. An yi ta ƙara wa labarin gishiri daga baya, don binciken tarihi ya nuna Gage ya murmure har ya yi shekaru yana tuƙa keken doki a ƙasar Chile, aikin da ba ya yiwuwa ga wanda bai iya da fasinja ba. Shi ya sa labarin wani majinyaci da Antonio Damasio ya kawo a littafinsa na 1994, wanda ya sakaya sunansa da Elliot, ya fi zama hujja. An cire wa mutumin nan ƙari a gaban ƙwaƙwalwarsa. Bayan aikin, duk gwajin basira da aka yi masa ya ci. Amma ya daina jin komai a ransa, ko an nuna masa hoton bala'i. Da jin ya tafi, sai yanke shawara ya bi shi: yana iya ɓata yini yana auna yadda zai jera takardu, ya zuba dukiyarsa a hannun wanda kowa ya ga ba amintacce ba ne, aiki ya tafi, aure ya mutu. An daɗe ana koyar da cewa motsin rai abokin gabar tunani ne. Elliot ya nuna cewa tunanin da babu jin zuciya a tare da shi ba ya iya zaɓe, domin babu abin da ya fi wani nauyi a wurinsa.

Kafin wannan, a 1983, Howard Gardner na Jami'ar Harvard ya riga ya ce basira iri bakwai ce, biyu daga ciki su ne sanin mutane da sanin kai. Malaman makaranta suka rungumi maganarsa, masu aunawa suka ce ina hujja. Waɗanda suka yi ƙoƙarin tsayar da batun a kan ƙafafun bincike su ne Peter Salovey na Jami'ar Yale da John Mayer na Jami'ar New Hampshire. Sunan basirar motsin rai ya ɗan gitta a wasu rubuce-rubuce tun shekarun 1960, amma maƙalarsu ta 1990 ce ta ba shi ma'anar da za a iya gwadawa. Sun taƙaita da'awarsu sosai. Suka ce fushi da tsoro da kunya suna ɗauke da labari, kamar yadda kalma da lamba suke ɗauke da shi, kuma mutane sun bambanta wajen iya karanta wannan labari. Zuwa 1997 suka tsara shi hawa huɗu: ka fara gane abin da ke fuska da murya, ka iya amfani da yanayin ranka wajen tunani, ka fahimci yadda ɓacin rai ke girma ya zama fushi ko kishi ya zama ƙiyayya, sannan ka iya kwantar da naka da na wani. Ba su ce wannan ya fi IQ ba. Ba su ce mabuɗin arziki ne ba. Maƙalar ta fito a wata ƙaramar mujallar masana, kusan ba wanda ya kula.

Wanda ya kula shi ne Daniel Goleman, ɗan jaridar kimiyya a New York Times, wanda shi ma ya yi digirin digirgir a fannin halayyar ɗan Adam a Harvard. A 1995 ya fitar da littafinsa Emotional Intelligence, kuma tun a bangonsa ya yi da'awar cewa wannan basira tana iya fin IQ muhimmanci. A watan Oktoba na shekarar mujallar Time ta sa batun a shafinta na gaba. Littafin ya sayu miliyoyi, aka fassara shi zuwa harsuna kusan 40, kalmar EQ, wato ma'aunin basirar motsin rai, ta shiga bakin manajoji da malamai da masu wa'azin neman nasara. Goleman marubuci ne gwani, kuma ya zo a kan gaɓa, don shekara guda kafin nan wani littafi, The Bell Curve, ya tayar da ƙura da cewa IQ ne ke yanke makomar mutum kuma da wuya ya sauyu. Jama'a suna ƙishin jin cewa akwai wata ƙofa. Sai dai a hannunsa ma'anar ta buɗe har ta haɗiye naci da fata nagari da himma da riƙon amana da iya shugabanci, kusan duk wani hali mai kyau da ba lissafi ba. Ya ce IQ bai wuce kashi 20 cikin 100 na dalilan nasara ba, sauran na wasu abubuwa ne, ciki har da gidan da aka haifi mutum da sa'a. Masu sayar da kwasa-kwasai suka mayar da maganar cewa kashi 80 na EQ ne. Shi da kansa ya fito daga baya ya ce ba haka ya faɗa ba, amma magana zarar bunu ce. Har yau ana maimaita wannan adadi a tarurrukan horar da ma'aikata, har a garuruwanmu, kuma ba shi da tushe.

Daga nan aka koma gidan jiya, wato batun aunawa, hanya ta rabu biyu. Wasu, kamar Reuven Bar-On da ya fitar da gwajinsa a 1997, suna tambayar mutum ne ya faɗi yadda yake ganin kansa: kana gane damuwar wasu? kana iya danne fushinka? Matsalar a bayyane take. Wanda ya fi kowa rashin lura da mutane shi ne zai fi rantsuwa cewa yana lura, kuma mai neman aiki ya san amsar da ake so. Bincike ya kuma nuna cewa makin irin wannan gwaji yana maimaita abin da tsofaffin gwaje-gwajen ɗabi'a suka daɗe suna aunawa. Mayer da Salovey da David Caruso suka bi ɗaya hanyar a 2002, suka shirya jarrabawa mai tambaya 141 wadda ake nuna wa mutum fuska ko a ba shi labari ya ba da amsa. To amma biyu a tara da biyu huɗu ne a ko'ina. Wace ce amsar daidai in aka ce abokinka ya ci amanarka, me ya fi dacewa ka yi? Mafitar da suka samu ita ce a duba abin da dubban mutanen da aka fara gwadawa suka zaɓa, ko abin da wasu ƙwararru 21 suka zaɓa, gwargwadon dacewarka da su gwargwadon makinka. Wato dai mai basira shi ne wanda ya yi tunani irin na yawancin jama'ar da aka tambaya, kuma yawancinsu Turawan Yamma ne. Duk da wannan rauni, ba daidai ba ne a ce gwajin banza ne. Da aka tattara bincike da yawa an ga yana ɗan hasashen ƙwazon ɗalibi da na ma'aikaci, musamman a aikin da ake fuskantar jama'a kullum, irin na jinya da ciniki. Ƙarin da yake yi a kan IQ da ɗabi'a kaɗan ne, nesa da abin da aka yi ta shela.

A nan ne karin maganarmu ya shigo, labarin zuciya a tambayi fuska. Charles Darwin ya yarda da haka, ya rubuta littafi a kai a 1872. Paul Ekman ya tafi wurin ƙabilar Fore a tsaunukan Papua New Guinea a ƙarshen shekarun 1960, mutanen da ba su saba da sinima ko mujalla ba, ya ba su labari ya ce su nuna hoton fuskar da ta dace, suka dace da Amurkawa a mafi yawa. Aka ɗauka an gama magana: fuska harshe ne na duniya. Amma a 2014 Maria Gendron da Lisa Feldman Barrett da abokansu suka je wurin Himba a Namibiya, suka ba su hotuna su kasa su yadda suka ga dama ba tare da an ba su sunayen da za su zaɓa ba, sai kason ya fito daban da na Amurkawa. Ekman ɗin ma, shi da Wallace Friesen, sun lura cewa ɗaliban Japan da ke kallon fim mai tayar da hankali suna yamutsa fuska in su kaɗai ne, amma da babba ya shigo ɗakin sai su rufe da murmushi.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan ba sai an kai shi Japan ba. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ƙauna ta rasa ba, kunya take. Amarya tana kuka ranar da ta fi kowace daɗi a wurinta. Mutum zai rasa ɗansa, ka je gaisuwa ka tarar da shi yana amsa “ya haƙuri” da “haƙuri sai ma'aiki” ko “da godiya”, fuska a sake, har yana tambayar ko an kawo maka ruwa. Maƙwabci zai yi maka laifi ka kawar da kai, ka yi kawaici, kuma shi ya gane ka gani, ya gyara ba tare da an yi baki biyu ba. Ka ɗauki wannan mutum ka ba shi jarrabawar da amsarta ita ce ka zaunar da abokinka ka faɗa masa yadda kake ji, zai faɗi. Ka ɗauko wanda ya ci jarrabawar ka kai shi zaman neman aure a Katsina ko Damagaram, ba zai gane cewa “za mu yi shawara” da aka faɗa da wata irin murya yana nufin an riga an ƙi ba. Fuska tana ba da labari, amma sai ga wanda ya san gidan da ta fito.

Wasu masana sun bi wannan hanya suka tambayi mutane abin da su suke kira basira. Robert Serpell ya yi haka a tsakanin Chewa na gabashin Zambiya tun shekarun 1970. Ya tambayi dattawan ƙauye wane yaro za su zaɓa in wani aiki ya taso, ya gano cewa kalmarsu ta nzelu ta haɗa kaifin kai da zama abin dogaro wanda za a aika ya dawo da saƙo daidai, kuma kaifin da babu amana a tare da shi abin tsoro ne a wurinsu. A wajenmu, Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa a kan mutumin kirki a 1974, ya tattaro siffofi 10 da Hausawa ke yabo, ya sa hankali a jere ɗaya da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci da amana. Wato abin da Thorndike ya zo yana roƙon a ƙara a kan ma'anar basira, a waɗannan harsuna ba a taɓa cire shi ba balle a mayar.

A kan batun haƙuri kuwa, akwai gwajin alewa da littafin Goleman ya ƙara wa suna. Walter Mischel ya fara shi a Stanford a ƙarshen shekarun 1960: a ajiye wa yaro alewa ɗaya, a ce in ya jira har a dawo za a ba shi biyu. Da aka bi yaran bayan shekaru, aka ga masu jira sun fi ƙwazo a makaranta. Aka yi ta ba da labarin a matsayin shaida cewa haƙurin ɗan shekara huɗu yana faɗin makomarsa. A 2018 Tyler Watts da abokansa suka sake duba batun da yara fiye da 900 daga gidaje iri-iri, suka ga in an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito, yawancin bambancin yana narkewa. Yaron da ya saba ganin abinci yana ƙarewa, ko ana yi masa alkawari ba a cikawa, in ya cinye alewarsa nan take lissafinsa daidai ne. Wata masaniya Bajamushiya, Bettina Lamm, ta kai gwajin ƙauyukan Nso a Kamaru, ta ajiye wa yara fanke. Kusan kashi 70 cikin 100 na 'ya'yan manoman nan suka jira, alhali a cikin yaran Jamus da aka gwada ba su kai kashi 30 ba. Yaran Jamus suna ta mutsu-mutsu suna waƙa don su ɗauke hankalinsu, na Nso kuwa suka zauna shiru, wasu har barci ya ɗauke su. Mun ce hali zanen dutse, mun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan bincike ya fi goyon bayan na biyun.

Shi ya sa nake ganin mafi amfanin abin da ya fito daga wannan yayi shi ne abin da ya shiga aji. Tun 1994 aka kafa wata ƙungiya a Amurka, CASEL, don koya wa yara sanin sunan abin da suke ji, da sauraro, da sasanta rigima. A 2011 Joseph Durlak da abokansa suka tattara sakamakon shirye-shirye 213 da suka shafi ɗalibai fiye da 270,000, suka ga faɗa ya ragu, karatu ya ƙaru, kamar a ce ɗalibin da ke tsakiyar jerin mutum 100 ya haura mutum 11. Amma da Ingila ta baza irin wannan shiri a makarantun sakandare, bitar da masanan Jami'ar Manchester suka yi a 2010 ba ta ga wani sauyi na a zo a gani ba, kuma cikin dalilan har da yadda kowace makaranta ta yi shi yadda ta ga dama. Ba darasin da ake rubutawa a allo a haddace ba ne. Malamin da ke shigowa da tsawa da dorina ba zai koya wa yaro danne fushi ba ko da manhajar tana hannunsa.

Abu guda da yake damuna a yadda ake tallar wannan basira shi ne an gauraya ta da kirki. Ɗan damfara ya fi kowa karantar fuska. Ya san lokacin da kwaɗayinka ya motsa, ya san lokacin da kunya za ta hana ka tambaya. Ɗan siyasar da ke hura wutar gaba tsakanin jama'a gwani ne wajen sanin inda tsoronsu yake. Bahaushe ya raba wayo da hankali saboda wannan, kuma Mayer da Salovey ma ba su taɓa cewa mai wannan gwaninta dole mutumin kirki ne ba. Sannan akwai tambayar wa ke cin moriyarta. Arlie Hochschild ta yi nazarin ma'aikatan cikin jirgin sama da masu karɓar bashi, ta nuna a littafinta na 1983 yadda kamfani ke sayen murmushin ma'aikaci kamar yadda yake sayen ƙarfinsa, har mutum ya wayi gari bai san wanne ne ainihin abin da yake ji ba. In ma'aikaciyar jinya tana duba marasa lafiya 40 ita kaɗai, albashi bai zo ba, aka kira ta taro aka ce ta koyi sarrafa ranta, an ɗora mata laifin da ba nata ba.

Yanzu kuma an miƙa wa na'ura aikin. Kamfanoni sun ƙera manhajojin da suke da'awar karanta zuciya daga fuska ta kyamara, ana amfani da su wajen tantance masu neman aiki da sa ido a kan ɗalibai. Hotunan da aka horar da su da su, mutane ne suka zauna suka liƙa wa kowanne suna, wannan fushi, wannan murna, don haka takardar amsar tana hannun waɗanda suka yi liƙin. A 2019 Barrett da wasu masana huɗu suka yi bitar bincike fiye da 1,000, suka ce babu hujjar da ta isa a dogara da motsin fuska kaɗai a faɗi abin da mutum yake ji. A farkon 2021 kamfanin HireVue ya sanar da cewa ya daina nazarin fuskar masu neman aiki, a 2022 Microsoft ya janye irin wannan manhaja daga kasuwa, kuma dokar Tarayyar Turai ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira ta hana amfani da na'urar karanta motsin rai a wuraren aiki da makarantu, in ba don lafiya ko kare rai ba.